Yadda za a ciyar da yaro mai larurar galahanga idan yana ƙin abinci

Yaro mai otizim, wato galahanga, ba taurin kai ke sa shi ture kwano ba. Galibi yadda abincin yake a baki ne ke damunsa: yauƙin kuɓewa, gudajin koko, warin daddawa, ko koren ganye a miya. Sai ya tsaya kan abu uku ko huɗu, irin su Indomie, biredi da shayi, farar shinkafa da biskit. Ciki na cika, wani har ya yi ƙiba, amma jini na raguwa, kuma sinadaran bitamin A, C, D da kalshiyam ba sa isar jikinsa.

A fara da rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na kwana 3, da lokaci, da yawansa, da abin da ya ƙi. A tafi da takardar asibiti a auna nauyi da tsawo da yawan jini. Idan yana tsakanin wata 6 zuwa 59, a auna kaurin dantsensa: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, ba a jira gobe. A wannan shekarun kuma ana ba da ɗigon bitamin A duk wata 6.

A duba yadda yake yin bayan gida. Taurin bahaya ya yi yawa a irin waɗannan yara, kuma wanda bai iya magana ba ba zai ce cikinsa na ciwo ba, sai dai ya yi ta ihu ko ya daina ci. Gwanda, lemo, wake da wadataccen ruwa na taimakawa. A leƙa haƙoransa ma.

Sai tsari: manyan abinci 3 da ɗan abin taɓawa sau 2, a lokaci ɗaya da wuri ɗaya kullum, kowane zama kada ya wuce minti 20 zuwa 30. Tsakani ruwa kawai. Madara kada ta haura rabin lita a yini, don tana toshe ciki. Shayi kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe (ayon) mai ƙara jini, a raba shi da lokacin abinci.

Babban aikin yana wajen shigo da sabon abinci. Ba a tsallake daga biskit zuwa miyar zogale. A nemi abin da ya yi kama da wanda yake so. Mai son abu mai garas-garas a gwada masa soyayyen dankali, daga nan ƙosai, sannan awara. Mai son laushi a bi da shi daga koko zuwa kunun gyaɗa, zuwa alale da aka markaɗa sosai. A ajiye ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake, a ƙaramin kwano daban kusa da abincinsa. Kallo ci gaba ne, taɓawa da sunsunawa da lasa ma haka, a yaba masa. Abu ɗaya kan ɗauki gwaji 15 ko fiye, yawanci a nan iyaye ke sarewa. Masu ɓoye garin zogale ko hanta cikin abin da yake so su yi hattara: a fara da ɗan tsunkule, don idan ya gane zai iya ƙin abincin gaba ɗaya, a rasa duka biyun.

Ɗura haramun ce a nan. Toshe hanci a zuba kunu na iya tura shi cikin huhu, kuma yaron zai riƙa firgita da ganin cokali.

Ana ta yaɗa cewa cire alkama da madara na warkar da galahanga. Bincike bai tabbatar da hakan ba, kuma yaron da dama abincinsa kaɗan ne, ƙara rage masa ganganci ne, sai in likita ya gano suna cutar da shi.

A koma asibiti da sauri idan yana rama, yana cin ƙasa ko gawayi, dadashinsa na jini, yana ɗingishi ba dalili, ko yana ƙwarewa wajen haɗiya. Wanda ke shan Risperidone kuma, wato maganin da likita kan rubuta wa wasu masu galahanga don rage fushi da tashin hankali, a riƙa auna nauyinsa, domin maganin na buɗe ciki sosai.