Yadda ake sayen mota ta hannu a Sakkwato da za ta riƙe kuɗinta ranar sayarwa

Duk wanda ya taɓa kai motarsa wurin dillalai ya san shirun nan da suke yi kafin su taya. Dillali zai zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya ce, "Alhaji, wagga ai sai mai sonta." Fassarar maganar ita ce motarka za ta daɗe tana shan rana a filin, kuma tayin da zai zo ba zai yi maka daɗi ba. Ni ma an taɓa faɗa mini haka, a kan wata mota da na saya don kujerun fata da sanyin esi, wadda ba kowa ke da irinta a garin nan ba. Wata huɗu tana ajiye, ƙarshe na sallama ta ina cizon yatsa. Abin da zan kawo a nan shi ne tsarin da nake bi tun daga lokacin, a kan matsakaitan motocin gida masu ƙofa huɗu da but, irin su Camry, Accord, Sonata da Altima.

Mataki na farko: ka fara tunanin wanda zai saya daga hannunka

Kafin ka tambayi kanka wace mota kake so, tambayi kanka wa zai karɓe ta bayan shekara uku. Amsar tana da nasaba da gasar da kamfanonin mota ke yi a can nesa, domin galibin 'yan tokumbo da ke zuwa mana daga Amurka suke fitowa. Abin da Amurkawa suka saya da yawa shekara goma da suka wuce, shi ne ya cika mana gareji yau.

Kamfanonin Japan sun daɗe da kafa sansani a can. Honda ta fara ƙera Accord a Marysville ta jihar Ohio a 1982, Toyota kuma tana ƙera Camry a Georgetown ta jihar Kentucky tun 1988, kuma Camry ta shafe shekaru masu yawa tana gaban duk wata ƙaramar mota a ciniki a ƙasar. Motar da aka sayar da dubban ɗaruruwanta kowace shekara, wadda ta yi haɗari ko ta tsufa a cikinsu ita ce ake farkewa a loda injinta da giyarta da ƙofofinta a kwantena. Su sauka Legas, su bi ta kasuwar kayan gyara ta Ladipo, su iso Ƙofar Ruwa a Kano, daga nan su shigo Sakkwato. Wannan doguwar hanyar ce ke riƙe da farashin Camry, ba wani asiri ba.

Su kuwa kamfanonin Amurka da kansu sun sakar wa Japanawa filin. Mutanensu sun koma sayen jif da akori-kura, riba kuma ta fi yawa a can, sai Ford ta daina ƙera Fusion a 2020, Chevrolet ta rufe babin Malibu a 2024. Mazda ta janye Mazda6 daga kasuwar Amurka bayan 2021, Volkswagen ta bi baya da Passat a 2022. Ba wai motocin ba su da kyau ba ne. Fusion ma a ciki ta fi wasu Camry ɗin daɗin zama. Amma motar da aka daina haifa, kayanta raguwa suke yi kullum, mai saye na gaba kuma ya san haka, zai cire wannan fargabar daga kuɗinka.

'Yan Koriya suna tsakiya. Sonata da Optima sun shiga gasar da kyan zubi da araha, shi ya sa za ka same su ƙasa da Camry ta shekara ɗaya. Ka saya da araha, ka sayar da araha. Idan ka san haka tun farko babu laifi. Sin kuma ta taso da ƙarfi: a 2023 ta wuce Japan a yawan motocin da ake fitarwa waje, kuma GAC da Chery da Geely sun riga sun shigo Najeriya. Sai dai tsufansu bai riga ya zo hannun bakanikenmu ba, ni kuwa ba na son a koyi gyara a kan motata.

In kana son hujja a gida, dubi Peugeot. Tun da aka yi ta harhaɗa 504 da 406 a Kaduna, babu ƙauyen da za ka tsaya tsakanin Sakkwato da Gusau ka rasa wanda ya san cikinsu. Shi ya sa har gobe 406 mai lafiya ba ta kwana a filin dillalai a Arewa, duk da tsufanta.

Mataki na biyu: je gareji kafin ka je wurin dillali

Wannan gajere ne amma shi mutane suka fi tsallakewa. Rubuta motoci biyu ko uku da ke ranka, ka je wajen bakanike da masu sayar da kayan gyara, a Buzaye ko J. Allen ko inda ka saba. Tambayi kuɗin abu huɗu na kowacce: inji, giya, kwamfaresan esi, da fitilar gaba. Sannan ka yi tambayar da ta fi muhimmanci: akwai a ƙasa, ko sai an aika Kano? In aka ce "sai Legas" har sau biyu, soke sunan motar.

Mataki na uku: san ciwon kowane zubi

Suna kaɗai ba ya isa. A cikin Camry ɗin ma akwai hawa-hawa. Zubin 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy, jaka ce wajen juriya, sai dai tsufa. Zubin 2007 zuwa 2011, wato Muscle, ita ce ta cika gari, amma ka lura: ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 an san ta da shan baƙin mai, ta 2010 da 2011 kuwa an sauya mata inji zuwa 2.5, kuma shi ya fi kwanciyar hankali. Akwai kuma dashbod ɗinta da ke narkewa ya yi danƙo idan ya sha zafi. A wasu garuruwan wannan ƙaramin abu ne, a nan kuwa da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ɗora tafin hannunka a kai ka ji ko zai manne.

Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da ƙanwarta DC, tana da daɗin tuƙi da gudu, samari na sonta, amma masu filogi shida na farkon zubin sun yi suna da matsalar giya. Sonata ta 2011 da 2012 kamfanin da kansa ya kira su gyara a Amurka a 2015 saboda matsalar inji, don haka ka kasa kunne sosai ga duk wata ƙara daga ƙasan injin. Altima kuwa giyarta irin wadda ba ta da hawa ce, mai aiki da bel, ba ta son zafi, ba ta kuma yafe wa wanda ya zuba mata man giyar da ba nata ba.

Batun filogi huɗu ko shida, kasuwa ta riga ta yanke hukunci. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce, "Tana shan mai?" Mai filogi shida ta fi ƙarfi a hanyar Birnin Kebbi, gaskiya ne, amma masu nemanta sun ragu. In don sayarwa kake lissafi, tsaya a huɗu.

Mataki na huɗu: takardu da lambar shasi

A nan ne Basakkwace ya fi kowa bukatar buɗe ido, saboda Illela, garin kan iyakar Nijar, ba ta da nisa. Tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Idan ka ga mota fes, farashinta ƙasa da na 'yan uwanta sosai, mai ita yana cewa "takardu suna zuwa", wannan arahar ba ta ado ba ce. Za ka iya yawo da ita cikin gari shekara guda lafiya, ranar da ka ɗauki iyali zuwa Zariya kwastan su tare ka a hanya. Ko ba a kama ka ba, mai saye na gaba zai zabge kuɗin diyutin daga farashi. Karɓi takardun, ka kai ofishin kwastan da kanka a duba, kada ka aiki yaron mai motar.

Lambar shasi kuma haruffa da lambobi 17 ce. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Su biyun su zo ɗaya da abin da ke takarda. Sai ka ƙirga zuwa ta goma, ita ce shekarar motar: 7 na nufin 2007, 8 na 2008, 9 na 2009, A na 2010, B na 2011, C na 2012, haka har gaba. Amfanin wannan babba ne, domin ana ɗaukar Camry ta 2007 a sauya mata bamba da fitilu a ce ta 2010 ce. Fuska ta canza, injin yana nan na da. Na ga wani malamin makaranta ya ƙirga da yatsa a gaban mai mota, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, ai bakwai na gani nan." Nan take farashi ya sauko.

Da lambar za ka iya sayen rahoton tarihin motar a intanet, irin na Carfax. Zai nuna ko ta yi haɗari, ko kamfanin inshora ya yafe ta aka yi gwanjonta, da nisan tafiyar da ta yi kafin ta baro Amurka. In rahoto ya nuna tafiya mai yawa, agogon motar kuma yana nuna kaɗan, an murɗa shi baya. Motar haɗari da aka gyara da kyau ana iya saye, muddin farashin ya nuna haka. Wadda ambaliya ta shanye kuwa, ko kyauta ce ka bar ta. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa.

Mataki na biyar: gwaji biyu, safe da tsakar rana

Ka zo da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake. Injin da ya kwana ne ke faɗin gaskiya: ƙarar da zai yi a daƙiƙun farko, da launin hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin baƙin mai yake ƙonawa.

Sai ka dawo wajen ƙarfe biyu na rana da bakanikenka, ba na mai motar ba. Kunna esi har ƙarshe, ka bar ta a tsaye minti goma sha biyar, ido a kan allurar zafi. Daga nan ku hau titin Western Bypass ko ku miƙe hanyar Boɗinga, ka ji yadda giya ke shiga; kada ta yi fizga ko jinkiri. Bakanike ya sa na'urar gwaji ya karanta kwamfutar motar, ya duba ko an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ake yi da sunan maganin zafi alhali ɓoye ciwo ne. Ya leƙa salansa ya ga ko "indomi", wato matatar hayaƙin da ke cikinta, tana nan, domin ana cire ta a sayar. Ka zo da ƙaramin maganaɗisu ka bi jikin ƙofofi da shi. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin an shafe da fenti.

Mataki na shida: ciniki

Duk abin da gwaji ya fito da shi, a sa masa kuɗi a cire daga tayi. A daidaita la'adar dillali tun kafin a fara, a san wa zai biya. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da shaidu biyu, a biya ta banki, a sauya sunan mai mota ba tare da ɓata lokaci ba.

Abu ɗaya da ke ruɗin mutane: tun da naira ta faɗi a 2023, da yawa sun sayar da mota sama da yadda suka saya, suna murna sun ci riba. A ce ka saya miliyan 6 ka sayar miliyan 9, amma irinta 'yar tokumbo ta koma miliyan 14. Ba riba ka ci ba, kuɗin ne ya rage nauyi. Ma'aunin gaskiya shi ne nawa za ka cika kafin ka sake hawa irinta, kuma a wannan ma'aunin ne Camry da Accord ke barin sauran a baya.

Mataki na bakwai: riƙo

Fara, azurfa da ruwan toka sun fi saurin fita a garin nan. Baƙa tana da kwarjini amma tanda ce a bazara, ƙurar hunturu kuma ba ta raga mata. Kada ka sake mata fenti don ƙaramin ƙwarzane, domin dillali na ganin sabon fenti zai fara zargin haɗari. Samar mata inuwa ko da rumfar kwano ce, ka riƙa sauya matatar iska da zarar hunturu ya wuce. Rasit ɗin juyen baƙin mai da na kowane gyara, ka tara su a leda ɗaya tare da takardun kwastan.

Ka kuma sa ido a kan abin da ke tafe. Camry zubin 2025 a Amurka duk mai haɗa fetur da batir ce, babu zalla, kuma nan da wasu shekaru ita za ta fara sauka Legas a matsayin tokumbo. In dillali ya nuna maka irin wannan tun yanzu, ga ƙarancin shan mai yana jan ka, koma garejin nan na mataki na biyu ka tambaya wa ke gwada batirinta a Sakkwato, kuma nawa ne sabo.