Yadda ake ƙiyasta lokacin tafiya tsakanin ƙananan filayen jirgin sama biyu

'Yan uwa, mutane da yawa sukan raba nisan tafiya da gudun jirgi kawai, sai lissafin ya ba su kunya ranar tafiya. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne irin jirgin da zai yi jigilar. Jirgi mai farfela irin ATR 72 yana gudun kimanin kilomita 500 a awa, shi kuwa jet irin Embraer 190 yakan wuce 800. Sai dai a gajeriyar tafiya, misali ta kilomita 400, bambancin bai kai yadda ake zato ba, domin kaso mai yawa na lokacin yana tafiya ne wajen hawa sama da kuma saukowa.

Lokacin da aka rubuta a tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya bar wurin da yake ajiye har ya tsaya a ɗaya filin, saboda haka a ƙara kimanin minti 30 a kan lissafin. Idan an ga nisa da mil na teku, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Iska ma tana da nata tasirin, shi ya sa zuwa da dawowa ba kullum suke zama daidai ba.

A lura cewa agogon garin da za a sauka ake bi wajen rubuta lokacin isowa. Wanda zai canja jirgi, a ganina, ya bar tazarar awa biyu, tun da ƙaramin fili ba ya samun jirage da yawa a rana.