Dokin da ya ƙi hawa mota: inda muke yin kuskure

Ana gobe Sallar Gani muka tashi kai dawakin gidanmu uku Daura daga Katsina. Biyu suka hau kanta ba gardama. Na ukun, wani akawali mai ƙarfin gaske, ya zo bakin katakon da aka jingina sai ya kafe. Nan da nan mutum biyar suka taru a kansa: biyu na jan ragama, biyu sun zarga igiya ta bayan cinyoyinsa, ɗaya na zuba masa dorina. Dokin ya miƙe da ƙafa biyu, ya sauko ya daki bodi da gwiwa, jini ya ɓalle.

Ana cikin haka sai ga tsohon da ya riƙe wa mahaifinmu barga. Na ce, "Baba, ya ƙi hawa." Ya ce, "Tsoro yake ji, ɗana. Kai ka taɓa shiga ramin da ba ka ga ƙarshensa ba?" Ya sa direba ya ja motar da baya har ta haɗe da wani tudu, daɓen ya zo daidai da ƙasa. Ya sa aka yaye tamfol, haske ya shiga, aka watsa rairayi. Sannan ya kori kowa, ya tsaya shi kaɗai da harawa a hannu. Dokin ya sansana bakin motar, ya ɗora kofato ɗaya, ya janye, ya sake ɗorawa. Kafin a yi la'asar yana ciki.

Duka shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi daɗewa yana bin mai doki. Doki ba ya manta wurin da ya sha wuya. In ka doke shi a bakin mota, ka koya masa cewa nan ne ake dukan doki, baɗi sai ka nemi mutum goma. Ga shi idonsa ba ya saurin sabawa da duhu in ya fito daga rana, kuma ba ya ganin abin da ke bayansa daidai saitin wutsiya, wato wurin da masu ihu da bulala suka fi tsayawa. Gyaran ba ranar tafiya ake yinsa ba. Tun saura mako biyu a kawo motar kusa da turke, a riƙa ajiye masa dusarsa a bakin ƙofa, gobe a matsa da ita ciki kaɗan. Ya shiga, ya ci, ya fito, ba a je ko'ina ba. In akwai dokin da suka saba kuma ya iya hawa, a sa shi gaba. Sai dai kar a haɗa ingarma da goɗiya kafaɗa da kafaɗa, wannan neman magana ne.

Sai daɓe. Yawancin motocin da muke haya na ɗaukar buhu da shanu ne, ƙarfe ne tsurarsa, da ya sha fitsari sai santsi. Dokin da ya taɓa zamewa a ciki shi ne wanda za ka ji yana ta dukan bodi tun daga Ƙofar Durɓi ta birnin Katsina. A shimfiɗa rairayi mai kauri, ko tabarmar roba in da hali, a lalubi duk ƙusa da tsinin ƙarfe da hannu. Kuma a cire dabaibayi. Da buɗa ƙafafu yake tokare jikinsa in mota ta karkata.

Akwai wanda mutane ba su ɗauka kuskure ba sam: ɗaure kan doki sama, igiya a takure, wai don kar ya yi tutsu. Doki na buƙatar sunkuyar da kai don majina da ƙurar da ya shaƙa su zubo. In ya yi sa'o'i kansa a ɗage, ƙazantar kan gangara huhu, sai bayan kwana ɗaya ko biyu da sauka ka ga zazzaɓi, tari, hanci na yoyo, ya ƙi kiwo. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ce, da sauƙi. Amma masu dawakin folo, wasan da Katsina ta yi suna da shi tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, har Kaduna da Legas suke kai su, kuma nan ne ciwon ya fi kamu. A saki igiya yadda zai iya sauke kai zuwa ƙirji, ɗaurin ya zama mai warwarewa da fizga ɗaya. Duk bayan awa huɗu a tsaya a inuwa a ba shi ruwa. Wasu dawakin ba sa shan ruwan baƙon wuri, don haka a ɗebo na gida a jarka. Zafin jikin lafiyayyen doki tsakanin digiri 37.5 ne da 38.5 a ma'aunin Celsius. In ya haura haka bayan tafiya, a kira likitan dabbobi, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Allurar sa barci da ake saya a kasuwa a danna masa, ni dai ban yarda da ita ba sai da likita. Dokin da ke tangaɗi ba ya iya tsayuwa in mota ta sha kwana. Haka cika masa ciki da gero ko dawa dab da tashi: doki ba ya amai, ciwon ciki kuwa kan kashe shi. Harawa ta wadatar.

Direba ma a zauna da shi kafin a kama hanya. A ce masa ya ɗauka ƙwarya ce cike da nono a bayansa: birki a hankali, kwana a hankali, gargada a lallaɓa. Lokacin bazara a tashi da asuba, kar a bari rana ta gasa bodi.

In an isa, a fara kwance igiya kafin a buɗe ƙofa, don dokin da ya ji an buɗe baya yana ɗaure zai fizga da dukan ƙarfinsa. Ranar da muka isa Daura, Baba da kansa ya hau ya kwance akawalin, ya sauko da shi, ya zaga da shi sau uku a hannu kafin ya ba shi ruwa. Ciwon gwiwar nan bai bari an ɗaura masa sirdi a hawan ba, a turke ya yi Gani yana jin tambura daga nesa.