Yadda ake shawo kan tsoro bayan aikin jijiyar gwiwa

Wanda aka yi wa dashen jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitocinmu ke kira LCA, yakan yi wata 9 zuwa 12 kafin ya koma ƙwallo ko kokowa. Kusan kashi 55 cikin 100 ne ke komawa gasa, kuma babban abin da ke tsayar da sauran shi ne fargabar kada ƙafar ta sake gocewa, ko da dashen ya kama.

A makonnin farko rashin barci da ƙuncin rai ba abin mamaki ba ne. Ka sa wa kanka ƙaramin buri: gwiwa ta miƙe sarai, ka iya ɗaga ƙafar a miƙe kana kwance. Ka yi salla a kujera har likita ya yarda ka durƙusa.

Tsakanin mako na 6 da na 12 ne ake yin ɓarna. Ciwo ya lafa, an ajiye sanduna, mutum ya ga ya warke, alhali a lokacin ne dashen yake da rauni, don jiki na sake gina shi. Sai ka ga ɗan kabu-kabu ya koma aiki, babur ya kwanta masa cikin rairayin Zango, ya tokare da ƙafar da aka yi wa aiki. Shi ke nan.

Shi kuwa tsoro, daki-daki ake cin sa. Ku zauna da kine, wato mai gashin ƙashi na asibiti da ke koya maka motsa gwiwar, ku rubuta motsi 5 da ke faɗar maka da gaba, kamar sauka daga matakala, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle, juyawa cikin gudu. Ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon tsoron da yake ba ka. Fara da mafi sauƙi cikin waɗanda ya amince da su, ka maimaita kullum har makin ya sauko zuwa 2, sannan ka matsa. Idan gwiwa ta kwana da kumburi, koma mataki ɗaya baya. A ɗauke ka bidiyo da waya kana dira: mai tsoro kan jibge nauyinsa kan lafiyayyar ƙafa bai sani ba.

Kafin komawa fili, ƙarfin cinya da nisan tsalle su kai kashi 90 na ɗaya ƙafar. Akwai kuma gwajin ACL-RSI (ACL shi ne LCA a Turanci) mai tambayoyi 12 da ke auna natsuwar zuciya. Idan maki ya yi ƙasa, a jinkirta.

'Yan gida su daina "har yanzu ba ka warke ba?" Idan baƙin ciki ya wuce mako 2, har abinci ya fita ranka, ka faɗa wa likitanka.