Yadda zaka haɗa wayar tebur mai layi biyu a ofishinka na gida

Masu sana'a daga gida sun yi yawa a Gusau yanzu, wani dillancin hatsi yake daga ɗakin zaure, wani yana yi wa mutane cike-ciken takardun Umara, wata kuma kayan mata take turawa har Kaura Namoda da Talata Mafara, kuma kusan dukkansu da waya ɗaya suke komai, ita ce ta kwastoma ita ce ta 'yan uwa ita yara ke ɗauka su kalli bidiyo. Shi ya sa nake ba mutane shawarar wayar tebur mai igiya, irin mai layi biyu ɗin nan da ake gani a ofisoshi. Ba ta yawo, ba ta faɗawa ruwa, kuma kira biyu na iya shigowa lokaci guda ba tare da ka rasa ɗaya ba.

Sai dai fa a fahimci wani abu tun farko. Waɗannan wayoyin irin su Panasonic an ƙera su ne don layin ƙasa, wato wayar da ake jawowa daga fal zuwa gida, mu kuma tun da GSM ya shigo a 2001 layin NITEL ya yi ta ja da baya har ya zama labari. Toh ina zaka soka igiyar? Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ɗan akwatin sim, wani ƙaramin akwati ne mai eriya da ake saka sim a ciki, a bayansa akwai ramin igiyar waya, shi ne zai riƙa bai wa wayar teburin wannan ƙarar "tuuuu" da ake ji in an ɗaga. Layi biyu, akwati biyu, sim biyu. Akwai kuma masu aiki da intanet irin Yealink da Grandstream da ake haɗawa da rauta, suna da kyau amma sai data ɗinka ba ta yankewa, don haka ni na bar su gefe. Ka kuma kula da wayar tebur da ake saka sim biyu kai tsaye a cikinta, tana da arha kuma tana aiki, amma yawancinsu in kana magana a sim ɗaya ɗayan a kashe yake ga mai kira, kaga ba ta biya buƙatar da muke magana a kai ba.

Kafin ka saka sim ɗin a akwati ka fara saka shi a wayar hannu, ka tabbatar an haɗa shi da NIN ɗinka yana kira yana karɓa, sannan ka cire masa lambar sirrin PIN in yana da ita. Kuma don Allah kar ka saka layin da bankinka ke turo maka alat, domin wayar tebur irin wannan ba ta nuna saƙon tes, lambar da banki zai turo ta shiga akwati ta yi zamanta kai kana can kana jira. Haka in ka danna *310# don duba kuɗi ba abin da zai fito a fuskarta, gara ka riƙa loda wa layin kati daga manhajar bankinka ko daga wata wayar. Sim biyun kuma kar su zama na kamfani ɗaya, in ɗaya MTN ne ɗayan ya zama Airtel ko Glo, wanda dai ya fi kamawa a unguwarku, saboda ranar da sabis ɗin ɗaya ya yi rauni ka samu na riƙewa. Wannan dabarar ba ta maganin komai ba ne, duk wanda ya zauna Zamfara a Satumbar 2021 lokacin da aka rufe sabis gaba ɗaya ya san cewa in aka kashe turakun sadarwa wayar tebur ma shiru take, tunda ita ma a kan sim take tafiya.

Yanzu ka juya bayan wayar. Galibi zaka ga rami biyu, ɗaya an rubuta L1/L2 ɗayan L2 kawai, sai ramin adafta ta wuta. Akwatin farko ya shiga L1/L2, na biyu ya shiga L2, shikenan. Ka ɗaga kan igiyar ka duba 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinare, in biyu ne layi ɗaya take ɗauka, in huɗu ne tana iya ɗaukar layi biyu a igiya guda, amma tunda akwatunanka daban-daban ne masu biyun sun ishe ka. Igiyar nan mai lanƙwasa ta abin sawa a kunne raminta daban ne a gefe kuma ya fi ƙanƙanta, kar a matsa mata ta shiga inda ba nata ba. In akwai ɗan makunni a ƙasa ko gefe mai TONE da PULSE, ka tura shi kan TONE, in ba haka ba zaka yi ta danna lamba akwatin bai san me kake faɗa ba. Sannan kar ka jingina akwatunan da jikin wayar, ka ɗan nisanta su ko ka kai su kusa da taga, don siginar sim na sa wannan ƙarar "dit-dit-dit" da ake ji a sifika in waya na kusa.

Gwaji: ɗaga, danna LINE 1, ka ji ƙarar layi, kira wayar hannunka. Haka LINE 2. In ka gama danna lamba ka ji shiru na wasu daƙiƙu ba lalacewa ba ce, akwatin ne ke jira ko zaka ƙara lamba, a yawancinsu in ka danna # a ƙarshe nan take zai tura. In kira na shigowa amma lambar mai kira ba ta fitowa, akwai tsari biyu, FSK da DTMF, sai na akwatin ya yi daidai da na wayar, ka duba takardar da ta zo da su ko mai shagon ya saita maka kafin ka baro.

Inda aikin yake shi ne madannin HOLD, mai riƙe kira ba tare da ya yanke ba, kuma nan mutane suka fi ɓata kwastoma. Kana magana da wani a layin farko sai fitilar layi na biyu ta fara ƙyaftawa. In ka danna LINE 2 kai tsaye, a yawancin wayoyin nan ka yanke na farkon kenan. Sai ka fara ce masa "Alhaji don Allah ka ba ni minti ɗaya, kar ka kashe", ka jira ya amsa, ka danna HOLD, sannan LINE 2. Shi kuma na biyun ba hira zaka tsaya yi ba, sallama, ka ji ko waye, "Hajiya ina kan wani kira yanzu zan kira ki", ka ajiye shi ka danna LINE 1 ka koma. Ka tuna wanda ka sa a HOLD katinsa ne ke ƙonewa, kuma da yawan wayoyin nan ba su sa masa kiɗa ko wata ƙara, shiru kawai zai ji ya zaci layi ya tsinke. Ni a ganina in zai wuce minti ɗaya gara ka ce masa ya kashe kai ka kira shi, musamman in babban mutum ne, ba a barin dattijo riƙe da waya a kunne yana sauraron iska. MUTE kuma daban ne, kai kana jin sa shi ba ya jin ka, yana da amfani in yaro ya shigo da kuka ko zaka tambayi yaron shago sauran buhu nawa.

Sai CONF, wanda dillalai zasu fi so. A ce mai saye yana layin farko daga Sakkwato yana tambayar yaushe kaya zasu iso, direba kuma yana hanya. Ka danna HOLD, ka danna LINE 2 ka kira direban, in ya ɗauka ka gaya masa wa ke kan layi sannan ka danna CONF, ku uku kuna jin juna, an huta da "ya ce na ce". Muryar kan ɗan ragu tsakaninsu tunda ta cikin wayarka take ratsawa, kuma in kai ka ajiye duk sun yanke. Kar dai ka haɗa mutum da wani ba ka sanar da shi ba.

Ka raba wa layukan aiki tun ranar farko. Na ɗaya shi ne na allon talla da katin kasuwanci, na karɓar kira, na biyu da shi kake kira waje don kar na farkon ya riƙa nuna kana kan waya. Kana ma iya sa kira ya tsallaka da kansa: tun sim ɗin farko na cikin wayar hannu ka danna **67* sai lambar layi na biyu sai # ka kira, duk wanda ya same ka kana magana zai faɗo layi na biyu, ##002# kuma na goge duk wani tsallakarwa. Kai za a caja kuɗin tsallakarwar, ka san da haka. In kana son WhatsApp Business da lambar ofis ɗin, wajen rajista ka zaɓi a kira ka maimakon tes, wayar tebur zata yi ƙara a karanto maka lambobin.

Maganar wuta ba sai na tsawaita ba. Akwatunan na son wuta, wayar ma in mai allo da sifika ce tana so, wasu akwatunan na da batir a ciki amma zafin watan Afrilu na cinye shi da wuri, don haka in kana da sola ko inbata ka sa su a kai, ba su cin wuta sosai. Da damina in hadari ya taso da tsawa ka zare adaftocin daga soket, da hunturu kuma ka riƙa rufa wa wayar ƙyalle da dare, ƙura ce ke sa madannai maƙalewa.

Yawancinsu kowane layi da nasa saitin ƙara, ka bambanta su don ka gane wanne ke kira tun daga tsakar gida, in an yi Isha'i kuma ka kashe ƙarar duka biyun ko ka rage. Mutanen gida ma a zauna da su a nuna musu HOLD da yadda ake amsawa, a ajiye littafi da biro kusa da wayar, duk wanda ya ɗauka ba ka nan ya rubuta suna da lamba da layin da aka kira.