Yadda ake riƙe kamfanin jiragen sama na ƙananan tsibirai kada ya durƙushe da wuri

A fara da auna titin sauka, domin shi ke zaɓen jirgi. Na tsibirin Saba a Karibiyan kusan mita 400 ne kacal. A Barra ta Sikotland kuwa kan yashin bakin teku ake sauka, sai ruwa ya janye ake samun fili, jadawali ma shi yake bi. Jiragen da suka saba da irin wannan aiki su ne Britten-Norman Islander mai fasinja 9 da Twin Otter mai 19. Kada a yi gaggawar haura 19, daga nan ne doka a yawancin ƙasashe ke tilasta ɗaukar mai kula da fasinja, albashi ya ƙaru.

Sai mai. Islander mai injin fistan Avgas yake sha, Twin Otter mai injin tarbain kuma Jet A-1. Tsibirin da ba shi da ma'ajiyar mai, dole jirgi ya tashi da na zuwa da na dawowa. Lita 100 ta Avgas kilo 72 ce, kusan kujera guda ke nan ta tafi. Saboda haka a ɗora kowane fasinja da kayansa a sikeli, ban da ƙiyasi.

Babban abokin gaba gishiri ne. Iskar teku tana cin ƙarfe ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. A riƙa ɗauraye injin tarbain da ruwa mai tsabta bayan tashin ƙarshe na yini, a wanke jikin jirgi, a yawaita duba igiyoyin sarrafawa. Gajeren zango ma yana tsufar da jirgi: tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray na Sikotland bai kai minti biyu ba, amma birki da tayoyi da inji yawan tashi da sauka suke ƙirgawa, ba sa'o'i kaɗai ba. A Agustan 2007 igiyar sarrafa wutsiyar wani Twin Otter na kamfanin Air Moorea da ke tsibiran Polynesia ta Faransa ta tsinke jim kaɗan da tashi, mutum 20 suka rasu. A 2010 kamfanin ya daina aiki.

Mai jirgi ɗaya bai kafa kamfani ba tukuna. Ranar da jirgin ya shiga gyara kuɗi sun tsaya, haya da inshora da albashi kuwa ba sa jira. Masu yawon buɗe ido na lokaci ne, mazauna tsibiri kuma ba su cika kujeru. A ƙulla kwangilar wasiƙu, da jigilar marasa lafiya, da tallafin gwamnati irin PSO na Turai (inda gwamnati ke biyan kamfani don ya ci gaba da zirga-zirga a hanyar da ba ta kawo riba) kafin a sayar da tikitin farko.