Yadda za ka gane ɗan damfara a WhatsApp da Facebook kafin ya kai ga asusunka

Sunan da ake kiran 'yan damfara da shi a Najeriya, wato 'yan 419, ya samo asali ne daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuka, wanda ya tanadi hukuncin karɓar dukiyar mutane ta hanyar yaudara. A da wasiƙa suke aikowa, yanzu kuwa sun tare a cikin wayoyinmu. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, mafi yawansu ba su da ikon fasa asusun kowa. Mai asusun ne suke lallaɓawa ya buɗe musu da hannunsa, shi ya sa duk dabararsu take komawa ga hana shi sararin yin tunani ko tambayar wani.

Damfarar da ta fi cin mutanen kirki ita ce ƙwace WhatsApp. Wani zai kira ka cikin ladabi, ya yi cikakkiyar sallama, ya ambaci sunan wani zauren WhatsApp da kake ciki, na tsofaffin ɗalibai ko na unguwa ko na 'yan kasuwarku, sannan ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka wasu lambobi shida, ka karanto masa domin a sa sunanka. Abin da ya faru a ɓoye shi ne, ya shigar da lambar wayarka a WhatsApp ɗin wayarsa, kamfanin kuma ya aiko wa layinka lambobin tabbatarwa. Kana karanta masa su, WhatsApp zai rufe a hannunka ya buɗe a nasa. Cikin 'yan mintuna saƙo zai isa ga 'yan uwanka da sunanka da hotonka: "Yaya, don Allah ka tura min dubu talatin a wannan asusun, bankina ya ƙi aiki, zan mayar maka da safe." Waɗannan lambobi shida ba a karanta wa kowa, ko da wanda ya nema ya ce shi ne shugaban zauren. Ka kuma shiga saitunan WhatsApp, sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka zaɓi wata lambar sirri ta kanka. Aikin minti biyu ne, kuma a ganina ya fi kowace shawara da ke cikin wannan rubutu amfani.

Idan kai ne aka aiko wa irin wannan roƙo, kada ka amsa a cikin WhatsApp ɗin. Ka kira mutumin ta layinsa na waya, ka ji daga bakinsa. Saƙon murya ma bai isa hujja ba, domin ana iya turo tsohon saƙo, kuma yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. Sannan ka duba sunan da banki ya nuna maka kafin ka danna turawa. Idan ƙaninka ne ya roƙa amma sunan wani baƙo ya fito, ai ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma masu shigar ma'aikatan banki. Sukan buɗe shafi mai ɗauke da tambarin banki a Facebook, su zauna suna jiran wanda zai rubuta ƙorafin cewa an cire masa kuɗi, sai su bi shi ta akwatin saƙo da alkawarin warware matsalar nan take. Wasu kuma sukan kira su ce za a rufe asusunka yau idan ba a sabunta BVN ba, wato lambobi 11 ɗin da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da su a 2014. Ko sun faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, hakan bai nuna daga banki suke ba. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka, ko lambobi ukun da ke bayan katin, ko lambar wucin gadi da ake turowa lokacin fitar da kuɗi. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu, ka kashe wayar ka tafi reshe da ƙafarka.

Saƙonnin tallafin gwamnati, da kyautar data lokacin azumi, da gurbin aikin kwastan sun fi sauƙin ganewa. Adireshin shafukan gwamnatin Najeriya yakan ƙare ne da gov.ng, kuma babu hukumar da ke sharɗanta maka tura saƙo ga zauruka biyar kafin ta ba ka haƙƙinka.

Damfarar zuba jari ce ke cinye dukiya mai yawa. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kuma dakatar da biyan mutane a Disamban 2016. Duk da haka, a Afrilun 2025 wata harka makamanciyarta mai suna CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe da dukiyar jama'a. Tsarin guda ne: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, don haka ranar da sababbi suka yi ƙaranci sai ginin ya rushe. Abin takaicin shi ne, wanda zai jawo ka galibi ba maƙaryaci ba ne, amininka ne ko surukinka da aka biya sau biyu, ya nuna maka alat da zuciya ɗaya. Ka tambaye shi wace sana'a ce ke haifar da ribar, me ake saye, me ake sayarwa. Idan an nuna maka takardar rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, ka sani shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kamfani rajista. Izinin karɓar jarin jama'a a hannun hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari yake, kuma ana iya duba sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta.

Mai sayen atamfa ko waya a Instagram ya nemi a nuna masa kayan ta kiran bidiyo, kuma ya fifita biya bayan kaya sun iso, ko ya sa wani da ya sani a garin ya je ya gani. Mai sayarwa kuma kada ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit ko saƙon alat ya shigo, domin duka biyun ana ƙirƙirarsu. Ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin sun ƙaru.

Idan an riga an cuce ka, kada kunya ta sa ka yi shiru, domin sa'o'in farko ne ake da damar tare kuɗin. Ka sanar da bankinka nan da nan a toshe katin, ka adana hotunan hirar da lambar asusun da ka tura wa kuɗi, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Idan WhatsApp aka ƙwace, ka sake yin rajista da layinka. Da zarar ka shigar da sababbin lambobi shidan, za a fitar da ɓarawon, ko da yake idan ya riga ya sa tasa lambar sirrin za ka jira kwana 7 kafin ka shiga. A wannan tsakani ka kira 'yan uwa da shugabannin zaurukanka su sanar cewa kada a tura kuɗi da sunanka. Ka kuma yi hattara da waɗanda za su biyo baya su ce za su dawo maka da kuɗinka idan ka biya wani abu tukuna, domin sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabon layi.